Dannin Ruwa, da Yadda Ya Ke Fita Ta Huji

Ba wanda bai taɓa ganin garwa mai yoyo ba, kuma kowa ya sani hujin da ke kusa da gindi ya fi na kusa da baki zubar da ruwa. Amma in aka tambaye mu dalili, aka kuma ce da nawa ya fi shi, kaɗan ne daga cikinmu za su iya amsawa da lissafi. Gaskiya ne haka Allah ya halicci ruwa, amma ya halicce shi bisa ƙa'ida wadda ba ta sākewa, ko a cikin garwa ko a bayan madatsar Kainji. Mu da a ke shiryawa domin koyar da yara ya wajaba mu san wannan ƙa'ida sosai, gama cikin yaran nan akwai waɗanda wata rana za a danƙa wa tankin ruwan gari, ko madatsar da dubban mutane ke kwana a ƙarƙashinta.

1. Nauyin ruwa da danninsa

Mu fara da abin da ba a gardama a kansa, watau ruwa yana da nauyi. Galan guda na ruwa laba 10 ne. Garwa tana cin galan 4, laba 40 ke nan, saboda haka ɗan ga-ruwa mai garwa biyu laba 80 ya ke saɓe da ita. In aka ƙera akwati mai tsawo ƙafa ɗaya, faɗi ƙafa ɗaya, zurfi ƙafa ɗaya, zai ci galan 6¼, nauyin ruwan kuwa laba 62½.

Duk wannan nauyi gindin akwatin ne ke ɗauke da shi. In aka ƙara tsayin akwatin har zurfin ruwan ya kai ƙafa 2, gindin zai ɗauki laba 125. In ya kai ƙafa 10, laba 625. Wannan nauyi da ke kan kowace ƙafa murabba'i shi za mu kira danni. A cikin ƙafa murabba'i akwai inci murabba'i 144, don haka kowace ƙafa ta zurfi tana ƙara danni wanda ya kusa rabin laba a kan kowane inci murabba'i.

Akwai wani hali da ya raba ruwa da tubali. In aka jera tubala bisa juna, ƙasa kaɗai su ke dannawa. Ruwa kuwa, da ya ke ba shi da siffa tasa ta kansa, in aka danne shi sai ya nemi hanya ta kowace fuska. A zurfi guda, yadda ya ke danna ƙasa haka ya ke tura gefe, haka kuma ya ke tura sama. A cika salka, a soke ta da allura a ciki ko a gefe, ruwa zai tsarto. Wanda ya yi nutso a kududdufi kuma ya kan ji kunnuwansa suna ciwo ko yaya ya juya kansa. Wani Bafaranshe, Faskal, shi ya bayyana wannan hali a littafinsa da aka buga a 1663, bayan mutuwarsa da shekara ɗaya.

2. Zurfi ne ke danni, faɗi ba ya ƙara kome

A nan yara su kan ɓata, har da manya. Su kan zaci bangon da ya tare tafki mai faɗin mil 10 ya fi shan turi bisa wanda ya tare kududdufi, ko da zurfinsu ɗaya ne. Ba haka ba ne. A ɗauki butar alwala a duba. Ruwan cikinta ya ninka na hancinta sau da yawa, amma bai rinjaye shi ya turo shi waje ba. Tsayinsu ɗaya ne daidai. Da yawa ne ke danni, da ba a taɓa iya cika buta ba. Wani mutumin Holanda, Sitebin, ya rubuta wannan tun 1586.

Yanzu mu auna turin da bango ke sha. Mu ɗauki tsiri guda na bango, mai faɗin ƙafa ɗaya, ruwa kuwa zurfinsa ƙafa 10. A fuskar ruwa babu danni, a gindi akwai laba 625, tsaka-tsakinsu 312½. Girman tsirin ƙafa murabba'i 10 ne. Sau 10 na 312½ shi ne laba 3,125. To, damina ta yi ƙarfi, zurfin ya zama ƙafa 20. Dannin gindi ya zama 1,250, tsaka-tsaki 625, girman tsirin da ruwa ya rufe kuma ya zama 20. Jimla laba 12,500. Zurfi ya ninka sau biyu, turi ya ninka sau huɗu.

Shi ya sa a ke gina madatsa da kauri a gindi, ta riƙa sirancewa zuwa sama. Shi ya sa kuma a ke ɗora tankin gari a kan tudu, kamar yadda aka yi a bisa Goron Dutse a Kano, domin tsayin ruwa bisa kan famfo shi ke ba famfon ƙarfi. Faɗin tafki yana da nasa aiki: shi ke nuna yawan ruwan da aka tara, da yawan wanda zai kwararo in bangon ya karye.

3. Saurin ruwa a bakin huji

Wanda ya gano ƙa'idar saurin ruwa a huji wani mutumin Italiya ne, Toriceli, wanda ya zauna tare da Galileyo a watannin ƙarshe na rayuwarsa. Ya buga ta a 1644. Ga ta: ruwa yana fita daga huji da irin saurin da dutse zai samu in aka sako shi daga fuskar ruwan ya faɗo har daidai hujin.

Ga hujjar da kowa ke iya gani. In aka sa bututu a gindin tanki aka lanƙwasa bakinsa ya dubi sama, ruwan zai tashi har ya kusa tsayin ruwan da ke cikin tankin, amma ba ya wuce shi. Ɗan abin da ya rage, gugar bututu da ta iska suka ci. Mun kuwa sani dutsen da aka jefa sama, saurin da ya tashi da shi, da shi ya ke komowa hannu. Ashe saurin da ya isa ya kai ruwa wannan tsayi shi ne saurin faɗowa daga can.

Dutse ya kan faɗi ƙafa 16 a sakan na farko, sa'an nan yana gudun ƙafa 32 a sakan. Daga nan aka sami hanyar lissafi mai sauƙi. A auna zurfin huji daga fuskar ruwa da ƙafa. A nemi tushen wannan lamba, watau lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da ita, kamar yadda 3 ta ke tushen 9. A riɓa tushen sau 8. Abin da ya fito shi ne saurin ruwan, ƙafa nawa a sakan.

Zurfi ƙafa 1, sauri ƙafa 8 a sakan.
Zurfi ƙafa 4, sauri ƙafa 16.
Zurfi ƙafa 9, sauri ƙafa 24.
Zurfi ƙafa 16, sauri ƙafa 32.
Zurfi ƙafa 100, sauri ƙafa 80, watau kusan mil 55 a sa'a.

A lura da kyau. Danni yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zurfi, amma sauri yana biye a baya. Kafin sauri ya ninka sau biyu, sai zurfi ya ninka sau huɗu. A lura kuma girman huji bai shiga wannan lissafi ba. Babban huji ya fi zubar da ruwa don ya fi faɗi, amma saurinsu ɗaya da ƙarami in suna zurfi guda.

4. Gwaji domin aji

Gani ya kori ji. A sami garwa, a zana layi a jikinta inci 12 daga gindi. A huda ta da ƙusa guda wuri uku: inci 3, da inci 6, da inci 9 ƙasa da layin. Kada a jera hujin ɗaya bisa ɗaya sosai, a ɗan goce da su don kada ruwansu ya haɗu. A toshe su da tsinke, a cika garwa zuwa layi, a sa yaro guda ya riƙa ƙara ruwa a hankali don kada ya sauka, sa'an nan a zare tsinkayen.

Akwai tarko a wannan gwaji, ya kamata malami ya san shi kafin ya shiga aji. Sau da yawa a kan zana garwa a ƙasa, a nuna ruwan hujin gindi ya fi na sauran nisa. In aka ajiye garwar a ƙasa ba haka za a gani ba. Ruwan hujin tsakiya ne zai fi nisa, wajen inci 12, na sama da na ƙasa kuwa su sauka kusan wuri ɗaya, wajen inci 10. Dalili shi ne, nisa yana bukatar abu biyu, sauri da lokacin tafiya. Ruwan hujin gindi yana da sauri, amma kafin ya yi nisa ya taɓa ƙasa. Na sama yana da lokaci, amma ba sauri.

Maganin wannan shi ne a ɗora garwar a bakin tebur mai tsayin inci 30. Yanzu lokacin faɗowarsu ya kusa zama ɗaya, sai sauri ya nuna kansa. Bisa lissafi na sama zai kai inci 22, na tsakiya inci 29, na ƙasa inci 34. A aikace za su ɗan gaza haka. Ya fi kyau a yi gwajin iri biyun duka, a bar yara su faɗi abin da su ke tsammani tukuna, sa'an nan su nemi dalilin bambancin da kansu.

5. Yawan ruwan da ke fita

Mai tsaron tanki ya fi damuwa da yawan abin da ke zuba. Mu ƙaddara akwai huji mai girman inci murabba'i ɗaya, ƙafa 16 ƙasa da fuskar ruwa. A kowane sakan kamar sandar ruwa ce ke fita, kaurinta inci murabba'i ɗaya, tsawonta ƙafa 32. In aka raba 32 da 144, aka riɓa da 6¼, za a sami galan ɗaya da wajen kashi 2 cikin 5.

Amma in aka tara ruwan aka auna, ba zai kai haka ba. A duba bakin hujin da kyau, za a ga ruwan ya tsuke kaɗan bayan fitowarsa, ya fi hujin siranta. Ruwa yana rugowa zuwa huji daga sama da ƙasa da gefe, wanda ya zo ta gefe kuwa ba ya iya karya kwana nan take, sai ya matse sauran zuwa tsakiya, kamar yadda tumaki ke cunkushewa a ƙofar garke. Niyuton na Ingila yana cikin waɗanda suka fara lura da wannan. In hujin mai kaifin baki ne a jikin ƙarfe marar kauri, abin da ke fita wajen kashi 3 cikin 5 ne na lissafin farko. In aka gyara bakin ya yi kamar mazurari mai santsi, ya kan kusa cika lissafin.

To, kashi 3 cikin 5 na abin da muka samu shi ne kashi 5 cikin 6 na galan a sakan. Galan 50 ke nan a minti, 3,000 a sa'a, 72,000 a kwana ɗaya in zurfin bai sāke ba. Garwa 18,000. In muka ƙaddara kowane gida yana bukatar garwa 10 a yini, ruwan gida 1,800 ne ke bin ƙasa ta hujin da babban yatsa zai kusa toshewa. Da hujin nan ƙafa 4 ya ke ƙasa da fuskar ruwa, da rabin wannan zai zubar. Kuma da ruwa ya sauka ya wuce shi, ya daina. Hujin gindi kuwa ba ya dainawa sai tanki ya ƙare.

6. Yadda tanki ke ƙarewa

In ba a ƙara ruwa, zurfi yana raguwa, sauri kuma yana raguwa tare da shi. A sami duro, wanda faɗinsa ɗaya ne sama da ƙasa, a huda shi kusa da gindi, a zuba ruwa inci 16 bisa hujin. A auna lokacin da zai ɗauka ya tsiyaye, a raba lokacin kashi huɗu daidai. A kashi na farko ruwa zai sauka inci 7, na biyu inci 5, na uku inci 3, na huɗu inci 1. Watau a rabin lokaci kashi 3 cikin 4 na ruwan ya tafi. Saboda haka mai gyaran yoyo in ya makara a farko, ya makara ƙwarai.

Mutanen dā sun san wannan hali tun ba su san lissafinsa ba. An sami agogon ruwa a Karnak ta ƙasar Masar, wanda aka yi wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa. Tukunyar dutse ce mai ɗan huji a gindi, da zane-zanen sa'o'i a cikinta. Maƙeranta sun yi ta da faɗin baki da tsukakken gindi, domin sa'ad da ruwa ke fita da sauri ya zama akwai mai yawa da za a kwashe, saukarsa ta kusa daidaita.

7. Ina labarin iska?

Mai tambaya zai ce, ai iska ma tana da nauyi. Haka ne, tana danna kusan laba 15 a kan kowane inci murabba'i, daidai da ruwa mai zurfin ƙafa 34, kuma Toriceli ɗin nan ne ya fara auna ta. Abin da ya sa ba mu sa ta a lissafi ba, tana danna fuskar ruwa, tana kuma tare bakin huji, sai biyun su kashe juna. Amma in aka rufe duro ruf aka buɗe huji ɗaya ƙarami, ruwa zai ɗan fito ya tsaya, ko ya riƙa fita yana kwankwaɗa, don iskar waje ta fi ta ciki ƙarfi. Domin haka a ke huda gwangwanin madara wuri biyu, a ke kuma bar wa kowane tanki mashaƙar iska a sama.

8. Huji a jikin madatsa

Duk abin da muka faɗa ya shafi hujin da ke jikin ƙarfe, wanda ba ya ƙaruwa. Madatsai da yawa kuwa da ƙasa a ke gina su, kamar ta Tiga wadda aka gama a 1974. Hujin da ke jikin ƙasa yana cin bakinsa. Ruwa mai sauri ya kwashi ƙasa, huji ya ƙaru, ruwa ya ƙaru, ya kwashi wadda ta fi ta dā. In faɗin huji ya ninka sau biyu, girmansa ya ninka sau huɗu, haka ruwan da ke bi ta ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun karanta labarin ambaliyar da ta halaka gonakin mutanen Saba'i a cikin surar da ke ɗauke da sunansu, masu tafsiri kuma sun kawo cewa ɓera ne ya haƙe madatsarsu ta Ma'arib a ƙasar Yaman. A Amurka, ran 5 ga Yuni 1976, madatsar Titon, mai tsayin fiye da ƙafa 300, ta fara yoyo da safe sa'ad da a ke cika ta karo na farko. Kafin azahar ta karye, mutum 11 suka rasu. Mu ma nan mun ga abin da karyewar madatsa ke jawowa, a Bagauda cikin 1988, da Alau wadda ta cika Maiduguri da ruwa cikin Satumba 2024, dukansu bayan ruwan sama mai yawa.

Ga abin da ya kamata kowane yaro da ke zaune kusa da madatsa ya sani. Ba madatsar ƙasa da ba ta ɗan tsattsafo, don haka magina su kan sa yumɓu a tsakiyarta, su shimfiɗa yashi da tsakuwa a bayanta, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. In tsattsafon garau ya ke, kuma ba ya ƙaruwa, a sa masa ido. In ya yi jā ko ya gurɓace, ko yana ƙaruwa, ko yana ɓuɓɓugowa a gindin bango, madatsar ce ke fita da kaɗan-kaɗan. Sai a gaya wa ma'aikatan ruwa da mai gari nan da nan, a kuma faɗakar da mutanen da ke gangare. Kada a bar itatuwa su girma a kan bangon, gama saiwarsu in ta ruɓe ta zama bututu. A toshe ramin gafiya da na gara. Kada kuma a tare mafitar da aka bar wa rarar ruwa don kwaɗayin ƙarin ƙafa ɗaya ko biyu; mun riga mun ga yadda turi ke tsere wa zurfi.

Tambayoyi

(a) Rijiya mai faɗin ƙafa 4 da tafki mai faɗin mil ɗaya, kowanne zurfin ruwansa ƙafa 12. Wanne ya fi danni a gindi, kuma laba nawa ne a kan ƙafa murabba'i?

(b) Huji yana ƙafa 25 ƙasa da fuskar ruwa. Da wane sauri ruwa ke fita?

(c) Huji yana zubar da galan 30 a minti sa'ad da zurfinsa ya ke ƙafa 9. Nawa zai zubar in ruwa ya sauka, zurfin ya zama ƙafa 4?

(d) Duro ya tsiyaye cikin minti 40. Kashi nawa na ruwansa ya rage bayan minti 20?

Amsoshi: (a) ɗaya su ke, laba 750, (b) ƙafa 40 a sakan, (c) galan 20, (d) kashi 1 cikin 4.

Muna roƙon 'yan'uwa da za su fita koyon aikin aji su gwada sashe na 4 da na 6 da hannunsu kafin su kai wa yara, su rubuta abin da awonsu ya ba su, a gwama da lissafin nan. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.